Yaƙin sama a tafin hannu: Switch, Steam Deck ko tsohuwar PSP?

Duk wanda ke son tuƙa jirgin yaƙi a na'urar wasa ta hannu, shawarata gare shi kada ya fara da tambayar wace na'ura ce ta fi ƙarfi. Ya fara sanin wasan da yake so, domin wasannin yaƙin sama masu kyau ba su da yawa, kuma ba kowace na'ura ke ɗaukarsu ba. Abin takaici ne mutum ya zuba kuɗinsa, sai ya kunna ya tarar wasan da ya ja ra'ayinsa ba ya cikin kasuwar na'urar da ya saya.

Irin wannan wasa yana da buƙatu biyu da sauran wasanni ba su cika damuwa da su ba. Ta farko ido. Abokin gaba yakan fara bayyana ne kamar ɗigo a can nesa, kana bin sa kana duba rada a kusurwar allo, ga rubutun maganar abokan tafiya yana wucewa a sama. Idan allon ya yi ƙanƙanta, idonka zai gaji tun yaƙi bai yi zafi ba. Ta biyu yatsu. Jirgi yana ɗaga kai ya sunkuya, yana mirginawa, yana karkata hanci hagu da dama, kuma a lokaci guda kana ba shi wuta ko kana taka birki. Sandar da babban yatsa ke juyawa da kunamun da ke bayan na'ura su ne sitiyarinka da toturinka, saboda haka ingancinsu ya fi yawan ƙawar hoto muhimmanci.

Ga mafi yawan mutane, maganar tana tsayawa ne a kan Ace Combat 7: Skies Unknown na kamfanin Bandai Namco. Ya fito a 2019 a manyan na'urori da kwamfuta, sai a watan Yulin 2024 aka kawo shi Nintendo Switch. Labarin yaƙi ne tsakanin ƙasashe biyu na ƙirƙira, Osea da Erusea, cikin aikace-aikace 20, amma yawancin jiragen na gaske ne: F-16, F-22, Su-57, Rafale, har da tsohon MiG-21. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne yanayin sama. Ka shiga gajimare don ka kuɓuce wa makami mai linzami, idan ka daɗe a ciki ƙanƙara ta kama jikin jirgi. Aradu ta faɗo maka, na'urorin gabanka su rikice na ɗan lokaci. Wannan ya sa sararin ya zama abin da ake lissafi da shi a yaƙin, kuma duk an kawo shi Switch ba a yanke ba.

Abin da aka rage a Switch shi ne santsin motsi. Wasan yana tafiya a kan hotuna 30 a daƙiƙa, alhali a manyan na'urori ana neman 60. Wanda bai taɓa buga shi a wani wuri ba, da wuya abin ya dame shi. Wanda ya saba da 60 kuwa zai ji bambancin a lokacin da jirage biyu ke zagaye juna kowa na neman bayan ɗan'uwansa. Sannan kunamun Switch, wato ZL da ZR, ba su san dannawa kaɗan ba: ko ka danna, ko ba ka danna ba. A Ace Combat wannan ba babbar asara ba ce, tunda wasa ne mai yafiya, kuma juyin gaggawa da ake yi ta hanyar danne wuta da birki tare yana fita daidai. In kana son karawa da wasu mutane ta intanet, sai ka yi rajistar Nintendo Switch Online, wadda ake biya.

Switch ɗin kanta iri-iri ce, kuma a nan girman allo ne zai raba gardama. Ta asali, ta 2017, inci 6.2 ce. Switch Lite ta 2019 inci 5.5 ce, mara nauyi ƙwarai, gram 275 kacal, amma ba a haɗa ta da talabijin, kuma sandunanta manne suke da jiki, idan ɗaya ta fara ja da kanta sai dai gyara. Ga wasan jirgi ba na ba da shawararta. Ta 2021, mai allo irin na OLED mai inci 7, ita ce zaɓina a cikin ukun, saboda baƙinta baƙi ne sosai, aikin dare yana fitowa sarai. Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025 tana da allo mai inci 7.9 kuma tana ɗaukar yawancin wasannin tsohuwar, sai dai kunamunta ma ba su san dannawa kaɗan ba, kuma katin ƙarin ma'ajiya sai irin microSD Express.

Bayan Ace Combat, abin da ke Switch ƙananan wasanni ne. Sky Rogue yana da hoto mai sauƙi da gangan, kuma idan aka harbo ka sai ka koma farko da sabon fili, ya dace da wanda ke da minti goma kawai. Sky Gamblers: Storm Raiders kuma na jirage masu farfela ne na Yaƙin Duniya na Biyu.

Wanda wannan fanni ya shiga ransa da gaske, Steam Deck ta kamfanin Valve ce tasa. Ta fito a 2022 da allo mai inci 7, aka sabunta ta a ƙarshen 2023 da allon OLED mai inci 7.4 da batir mafi girma. A zahiri kwamfuta ce ƙarama, don haka Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, gaba ɗaya a buɗe take gare ka. Ace Combat 7 yana nan, kuma idan ka rage wasu ƙawa ya fi na Switch santsi. Ga kuma Project Wingman na 2020, wanda ƙaramar tawaga ta yi da ƙaunar irin wannan wasa, kuma ba ya Switch ko kaɗan. Yaƙe-yaƙensa sun fi cunkoso, sararin yakan cika da hayaƙin makamai har ka rasa inda za ka duba, kuma yana da wani sashe mai suna Conquest inda kake cin yanki bayan yanki kana tara rundunarka. Ni a ganina wannan wasa shi kaɗai hujja ce ta zaɓar Deck.

Kunamun Deck suna jin zurfin dannawa, sandunanta manya ne, tana da ƙarin maɓallai huɗu a baya, kuma kowane maɓalli kana iya ba shi aikin da ka ga dama. Ka ɗora sauya makami ko sakin garwashin ruɗar makami mai linzami a na baya, babban yatsanka ba zai bar sanda ba a lokacin da ake bin ka. Inda za ka biya shi ne nauyi da batir. Ta haura gram 600, kusan ninki biyu da rabi na Lite, kuma wasa mai nauyi yana shanye cajinta da wuri. Wani sa'in ma sai ka ɗan yi gyare-gyare kafin wasa ya zauna daidai, abin da mai Switch bai san shi ba. Amfani ɗaya da ya kamata ka sani: Steam yana mayar da kuɗin wasa idan ka nema cikin kwana 14 kuma ba ka buga shi ya kai awa 2 ba, don haka kana iya gwada ko rubutun yana karantuwa a allonka.

Akwai 'yan uwanta masu Windows, kamar ROG Ally da Lenovo Legion Go mai allon inci 8.8. Sun fi ƙarfi, amma Windows a ƙaramin allo yana da ɗawainiya.

Kada ka sayi na'urar hannu saboda DCS World. Wannan kwaikwayon tuƙi ne na haƙiƙa, inda tayar da injin wasu jiragen kaɗai darasi ne, yana son babbar kwamfuta da sandar tuƙi ta musamman. War Thunder, wasan yaƙi da ake karawa da wasu mutane, yana tafiya a Deck kuma shigarsa kyauta ce, sai dai ba ya yi sai da intanet, yana cin ma'ajiya mai yawa, kuma za ka kara ne da masu babban allo da linzamin kwamfuta waɗanda za su hango ka kafin ka hango su.

Tsofaffin na'urori ma suna da abin faɗa. A PSP ta Sony akwai Ace Combat X: Skies of Deception na 2006 da Joint Assault na 2010, waɗanda aka ƙera tun farko don ƙaramin allo mai inci 4.3, shi ya sa alamominsu manya ne, aikace-aikacensu kuma gajeru. Na 2006 har yanzu wasa ne mai daɗi, kuma zaɓin da ka yi na aikin da za ka fara yana sauya abin da za ka tarar a gaba. A Nintendo 3DS akwai Assault Horizon Legacy na 2011. An daina ƙera na'urorin biyu, kasuwar intanet ta 3DS an rufe ta a watan Maris na 2023, saboda haka sai wadda aka riga aka yi amfani da ita, da faifai ko katin wasa na asali. Kafin ka biya, duba ko batirin ya kumbura, ka juya sandar ta kowane gefe, ka tabbata PSP tana karanta faifan wasanta, wato UMD. Ka kuma sani sanda ɗaya tak PSP ke da ita.

Ko Switch ka saya ko Deck, shiga saitin Ace Combat 7 ka sauya tuƙi daga Standard zuwa Expert tun a aikin farko. A Standard, ka tura sanda hagu jirgi ya juya da kansa kamar mota. A Expert kai za ka mirgina shi sannan ka ja hancinsa, kamar yadda matuƙi ke yi. Za ka sha wuya a aikin farko da na biyu, amma ratsa kwari da kauce wa makamai a aikace-aikacen gaba sun fi sauƙi ga hannun da ya saba da shi tun da wuri.