Wata uku ina shan bitamin E saboda ciwon mama

Duk wata, idan ya rage kamar kwana goma al'ada ta zo mini, ƙirjina sai ya cika ya yi nauyi, musamman ta wajen hammata. Ko rigar barci ce ta goge ni sai na cije leɓe, ga autana ba ya barci sai a kaina. Ranar da abin ya kai ni bango muna ɗawafi ne bayan isha'i, wata mata ta kai mini gwiwar hannu cikin cunkoso. Na ƙarasa zagayen ina hawaye, na kusa da ni suna zaton tsoron Allah ne.

Da na ba wata dattijuwar maƙwabciyarmu labari a nan unguwarmu ta Shari'a Mansur a Makka, sai ta ce, "Ke 'yar nan, bitamin E za ki nema, shi ya raba ɗiyata da wannan wahala." Washegari na shiga saidaliyya, wato kantin magani, na sayo kwalba ɗaya, kowace ƙwaya 400 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin ke nan). 'Yan ƙwayoyi ne masu laushi, kalar zuma, da mai a cikinsu. Mai sayarwa ya ce in riƙa haɗiya bayan na ci abinci mai maiƙo, don sai da maiƙo jiki yake tsotse shi.

Ni mace ce mai son lissafi, saboda haka kalandar da ke rataye a kicin ta zama littafina, duk ranar ciwo in ɗiga mata biro. A Rajab ɗigo goma, babu abin da ya canza. A Sha'aban ɗigo bakwai, har na fara yi wa dattijuwar godiya. Da Ramadan ya zo, ciwon ya dawo da ƙarfinsa kamar ban taɓa shan komai ba.

Bayan salla na je wurin likitar mata. Ta duba ni sosai, ta ce babu ƙulli, alhamdulillahi, kuma ciwon da ke zuwa kafin al'ada ya lafa da zuwanta sinadaran jikin mace ne, estrogen da progesterone, masu hawa da sauka kowane wata. Da na ciro kwalbar daga jaka ta yi murmushi. Ta ce an gwada bitamin E, an gwada man wani tsiro mai suna evening primrose, amma ba a samu hujja mai ƙarfi cewa sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba; wasu matan dai suna cewa sun ji sauƙi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, babba miligiram 15 kacal yake buƙata a rana, wanda ake samu a gyaɗa da lauz (almond) da man girki, alhali ƙwayata ɗaya ta ninka haka fiye da sau goma. Kuma yana taruwa a jiki, idan ya yi yawa yana iya hana jini daskarewa da wuri.

Sai ta tambayi lambar rigar mamata. Wallahi tun kafin haihuwata ta biyu ban sake aunawa ba. Ta ce in sayi wadda ta dace da ni mai riƙewa sosai, in kwana da mai laushi a kwanakin ciwo, ta kuma rubuta mini man shafawa na diclofenac mai rage ciwo. Ta ja mini kunne: in na ji ƙulli, ko ruwa ko jini na fita daga kan nono, ko ciwo ya kafe a gefe ɗaya ba ruwansa da al'ada, in dawo ba jira.

Wata biyu ke nan. Nauyin bai tafi gaba ɗaya ba, amma ina barci, ina goya yaro. Bitamin ɗin bai cutar da ni ba, sai dai ba zan ce da wata ta kashe riyalinta a kansa ba. Ragowar tana saman firji. Shekaranjiya surukata ta ce in ba ta, wai ta ji yana gyara fata. Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, kina shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, sai likitarki ta yarda." Har yau ba ta gama hucewa ba.