Kwandon kaba da na saya a Babbar Kasuwa, bayan wata 4 ina cefane da shi

Salam 'yan uwa. Ƙawata ce ta matsa mini in rubuta yadda na samu kwandon nan tunda kullum tana ganina riƙe da shi, to ga shi.

Akuyata ce dalilin sayensa. Ja ce irin tamu ta Maradi, haihuwarta 3 a hannuna, kawai sai ta fara ramewa ga ciki ya kumbura tim amma ba ta cin abin kirki, ko dusa aka ba ta sai ta sansana ta kau da kai. Mun yi magani har mun gaji, da muka ga za ta tafi Baban yara ya kira mahauci aka yanka. Wallahi abin da aka ciro daga tumbinta har yau yana idona, baƙar leda ce ta dunƙule ta murɗe kamar igiya, haɗe da ta fiya wata. Kuma na san ledar nan, ta cefanena ce, wadda iska ke kwasa daga wajen shara ta kai garke. Kwana 2 na kasa cin nama.

Satin ne na shiga Babbar Kasuwa wajen masu tabarma da faifai da mafici, na tarar da wata dattijuwa ta jera kwanduna. Na ce Inna nawa wannan mai hannu, ta ce jika 2 'yata, muka yi ciniki ta sallama a jika ɗaya da rabi. Saƙar kabar goruba ce, gindinsa ninki biyu, bakinsa an yi masa ado da ja da kore. Yana cin tiya 2 ta wake ka ɗora kayan miya a sama ba ko gezau.

Abin da ya fi burge ni iska na ratsa shi. Duk mai cefane ta san yadda ganye ke yi cikin leda a zafin garin nan, kafin ki iso gida alayyahu ya yi gumi ya langaɓe, zogale ya fara wari, tattasai ya yi laushi. A kwandon nan kam na sayi yakuwa da hantsi na biya gidan suna sai bayan azahar na dawo, na iske ta garau. A kan kabu-kabu ma sai in ɗora shi a cinya in riƙe da hannu ɗaya, babu fargabar leda ta fashe albasa ta watse a titi. Da can in na dawo kasuwa ina ƙirga leda 10 har 12, kowane mai tebur da tasa, yanzu wata rana ko ɗaya.

Amma fa yana da nasa. Hannun bai yi ƙarko ba, wata 2 ya fara warwarewa ta inda aka soka shi, sai da na kai wa baduku ya sa mini na fata a dala 60, tun daga nan shiru. Tsinin kaba ta ciki yana soke tumatir in ya nuna sosai, sai na shimfiɗa ƙyalle a ƙasa. Gero da gishiri da garin kuka suna bi ta ƙofofin saƙar, wannan kuma tela ya ɗinka mini 'yan jakunkuna 4 da ragowar atamfa masu zariya a baki. In ruwan sama ya taɓa shi ki shanya a rana nan take, na bar shi a lungu sau ɗaya da damina ya yi fumfuna.

Babbar matsalar kayan ruwa ce. Nama, niƙan tattasai, man gyaɗa, hura da nono, waɗannan kwando ba ya iya musu komai. Dole ki haɗa da kwano mai murfi da kwalba, kuma ranar da kika manta su shi ke nan leda ta dawo. Sannan ga 'yan kasuwa, hannunsu ya riga ya saba, kafin ki buɗe baki ya yago leda ya hura ya zuba. Sai na ce Malam bar ledar zuba mini nan, ya ce Hajiya ai kyauta ce, in ce na sani na gode. Mai naman da nake zuwa wajensa yanzu da ya hango ni shi ke miƙo hannu ya karɓi kwanon, har ya ce min su ma suna cin karo da leda a cikin dabbobi ba sau ɗaya ba.

Mutane da yawa ba su san ƙasarmu Nijar na da doka kan leda ba. Tun 2014 aka kafa dokar da ta hana ƙera ledar nan mai shara-shara, da shigo da ita, da sayarwa, da amfani da ita, har da ajiye ta. To ku leƙa kanibo, wato magudanar ruwa, a watan Agusta ku gani, ta toshe ko'ina ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, ku bi hanyar Gulbi ku ga yadda ta maƙale a ƙaya, gonakin bakin gari kuwa manomi na huɗa yana tono ta, kuma ba ruɓewa take yi ba balle ta zama taki. Ruwanda sun hana tun 2008, Kenya 2017, kuma su da gaske suka bi abin. Ni ina bayan dokar ɗari bisa ɗari, sai dai raina ba zai so a fara da kama mai ƙosai ko yarinya mai tallar kopto (kwaɗon ganye) ba, ita da me za ta ƙulla wa mai saye? A tare ta daga inda take shigowa da yawa, a kuma tallafa wa irin su Inna da teloli su yi abin da talaka zai iya saya da araha. Iyayenmu da kwano da ƙwarya da ganye suka yi cefanensu, kabar nan kuma a dajinmu take.

In maki zan ba shi, 8 cikin 10, hannun ne ya rage masa. Wadda za ta saya ta ja hannun da ƙarfi tun a gaban mai shi, ta shafa cikin da tafinta ko akwai tsini, ta ɗaga shi a rana ta ga ko saƙar ta matsu. Ni dai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma in ɗauko ƙarami na aiken yara, don su ne ke shigo mini da sauran ledar da nake sharewa a tsakar gida.