Mai Keken da Ya Zaga da Mu Cikin Bauchi

Ƙanen mijina ya zo daga Gombe, ya ce sai ya ga kabarin Tafawa Ɓalewa. Muka tari wani dattijo mai Keke a Wunti, muka yi jinga na wuni. Ashe mun dace da masani.

Ya fara kai mu ƙofar fada da Babban Masallaci, yana ba mu labarin Malam Yakubu, ɗalibin Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda ya kafa garin ya kewaye shi da ganuwa. A wajen kabarin kuwa, shi ya ce mu rage sauri a wani dogon lungu mai duhu. "Hajiya, duhun mulkin mallaka ke nan, ki jira hasken." Muna fitowa sai ga fili ba rufi, rana tsaka, kabarin Firayim Ministan da aka kashe a 1966 a tsakiya, ba wani ado. Jikina ya yi sanyi, muka yi masa addu'a.

Aibin mai Keken ɗaya: gudu. Sau biyu na ce, "Baba, a hankali mana!" Kujerar bayan ma a yage take, ta ja mini mayafi. Amma ko gobe na yi baƙi, shi zan nema.