Kafin ka sayi alobera mai zama bishiya a Kumasi, karanta wannan

Tun ranar da na sa hoton bishiyar da ke tsakar gidanmu a Aboabo mutane ke ta damuna a WhatsApp, wai Alhaji wannan alobera ce ko dabino, a ina ka samo. To bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Ba irin aloberar da mata ke shafawa a fuska ba ce, kuma ba zabuwar dajin arewa ba ce. Danginsu ɗaya dai, amma wannan tana yin gangar jiki da rassa kamar kowace bishiya, shi ya sa a 2013 masana suka ware su suka ba su suna Aloidendron. Iri huɗu za ka fi jin sunansu.

Ni dai barberae ce tawa, ba na ɓoyewa. Asalinta gabashin Afirka ta Kudu ne, yankin KwaZulu-Natal har zuwa Mozambik, wato wurin da ake ruwa da zafi da laima, to ka ga ruwan Kumasi na watan Yuni ba zai ba ta tsoro ba in dai ƙasar ba ta riƙe ruwa. A can gida tana kai mita 18, ita ce babba a cikinsu. Ganyenta kore ne shar, dogo, mai kwarmi a tsakiya, yana lanƙwasowa ƙasa, da 'yan ƙananan haƙora a gefe, jikinta kuma toka-toka ne sumul. Abin da ya fi burge ni ma reshe ake yankewa, a bar shi a inuwa sati biyu zuwa uku bakin yankan ya bushe, sannan a dasa cikin yashin rafi da tsakuwa. Ni tudu na yi mata don ruwa ya riƙa gangarewa. Amma don Allah kar ka dasa ta jikin katanga ko kusa da sokawe, gindinta kumbura yake yi sosai in ta girma, kai da mai gidan haya za ku yi rigima.

Dichotomum, wadda a da mutanen San na kudancin Afirka suke fafe rassanta su yi kwarin kibiya, kyakkyawa ce ba ƙarya, amma 'yar hamadar Namibiya ce. Na saya, damina ɗaya ta ruɓe daga gindi kamar dafaffen rogo. Mutanen Nima da Madina ƙila ku gwada a tukunya ƙarƙashin rumfa tunda Accra ba ta kai mu ruwa ba, mu nan asarar kuɗi ce.

Hercules haɗin waɗannan biyun ne, tana saurin girma, in ka samu ta gaskiya ba laifi. Pillansii kuwa manta da ita kawai, ta kusa ƙarewa a duniya, tana jerin farko na yarjejeniyar CITES, wato an hana cinikin wadda aka tono daga daji tsakanin ƙasashe. Duk wanda ya ce yana da ita a bakin titi, ko maƙaryaci ne ko ɓarawo.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. Wani yaro ya turo min hoto mai kyau, ya ce Baba ka tura momo (kuɗi ta waya) in sa maka a mota, na tura, abin da ya iso yuka ce, wannan shukar mai ganye kamar takobi da ake jerawa a ƙofar otal. Na kira layin a kashe har yau. Gwajin ba wuya, ka karya ɗan ganye: na alobera mai kauri ne da ruwa mai yauƙi a ciki, na yuka ko dirasina, wata shukar ado mai kama da ita, siriri ne duk zare. Wata dabarar kuma, sai su ɗauki tsohuwar alobera ta gida su fige ganyen ƙasa har ta yi wuya kamar gangar jiki, su ce maka jaririyar bishiya ce. Shekara goma za ka yi kana jira ba ta wuce gwiwarka ba. Masu sayar da iri a intanet ma haka, hoto daban abin da zai tsiro daban, in ma ya tsiro.

Saboda haka kar ka biya sai ka je da ƙafarka. Ka ce a nuna maka uwar da aka yanko reshen. Ka matsa gindin da yatsa, in ya yi laushi ko yana wari ka ajiye. Ka zare ta daga leda ka ga saiwa, don wasu jiya suka soka reshen cikin ƙasa. Ka leƙa tsakiyar ganyen, in ka ga wani kumburi mai ƙuraje kamar farin kabeji, ƙananan ƙwari ne suka shige ta, kuma za su bi sauran shukokinka. Wanda ya ce daga waje ya shigo da ita kuma, ya nuna takardar lafiyar shuka da izinin shigowa, in ya fara kame-kame yana cewa ai ɗan'uwansa ne ya sako a jaka, ka yi masa sallama ka tari trotro ka koma gida.