Precision ko Jazz Bass: wacce za ka rataya?

Duk jitocin bes ne, wato masu kaurin murya, na kamfanin Fender, amma masu kaɗawa sun rabu a kansu. Precision ta fito a 1951. Na'urar ɗaukar sautinta ɗaya ce, rabe biyu tun 1957, shi ya sa ba ta gurnanin lantarki. Muryarta kauri gare ta, tana zama daram ƙarƙashin ganga. Ita makaɗin bes James Jamerson ya riƙe a Motown, kamfanin faifan waƙa na Amurka.

Jazz Bass kuwa, ta 1960, wuyanta siriri ne, faɗinsa milimita 38 ta can sama, mai gajerun yatsu zai ji daɗinta. Na'urorinta biyu, kowace da maɓallin ƙararta. Matsalar: ka rage ɗaya, sai gurnanin lantarki ya taso, musamman kusa da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Buɗe su daidai, ya lafa.

A cunkoson kayan kiɗa, Precision ta fi fitowa.