Kafintan da ya yi mini bernin akwatunan sifika nan Tahoua, ga yadda aikin ya fito

Salam 'yan uwa masu haɗa sifika da hannunsu. Akwai wani shagon kafinta nan cikin garin Tahoua da nike so in yi magana a kanshi, don shi na kai ma akwatuna biyu da na haɗa da kaina ya yi musu kala da berni, kuma gaskiya aikin ya ci kuɗinshi, duk da akwai wuraren da raina bai so ba kuma su ma zan faɗe su. Mai shagon dattijo ne, asalin aikinshi gado da kujeru da armuwar na amare, ba mai sono ba ne, amma hannunshi a wajen gyaran fuskar katako ban ga irinshi ba a garin nan.

Akwatunan na kwantirfilake ne mai kaurin mili 18, irin falle ɗin nan mai santimita 244 da 122, fuskarshi okume, iccen nan mai ɗan ja-ja da ke fitowa daga Gabon. Kowane akwati da babbar sifika inci 12 da ƙarama ta siririyar murya da ramin bas a ƙasa. Masu sono na biki mafi yawa moket suke mannawa ko su watsa baƙin fenti, kuma ban ga laifinsu ba tunda kayansu kullum suna bisa mota ana jifa da su, amma nawa na falo ne, kuma duk wanda ya zauna da moket a Adar ya san cikin hunturu guda ƙura ke mai da shi ja, ba ya kakkaɓuwa. Ni so nike a ga zanen iccen.

Abu na farko da ya burge ni, da na zo da su ya ce ɗana ka kwance sifikun duka ka koma da su gida, akwati tsirara nike so. Na ce Baba ai ana iya rufe su da takarda, ya ce a'a, a shagon nan muna aiki da soson ƙarfe, gutsattsarinshi in ya tashi maganaɗisun sifika ne ke jawo shi, in ya shiga tsagar da waya ke motsi ciki ba mai fiddo shi, sai dai ka ji tana ƙarar gogayya har ta mutu. Wallahi wanga magana kaɗai ta sa hankalina ya kwanta da shi, domin mutum ne da bai taɓa haɗa sifika ba amma ya san abin da zai ɓata ta. Ramin bas da wurin da wayoyi ke shiga kuma ya toshe su da tsumma da salatif kafin ya taɓa komai.

Sai guga. Nan ne fa aikin yake, kuma nan ne na zauna na zuba ido sosai. Fuskar kwantirfilake ɓawo ne siriri ƙwarai, sau da yawa bai kai mili guda ba, in ka sa mashin ɗin guga da samfefa mai kaushi kafin ka ankara ka huda shi ka iske gam da fallen ƙasa wanda zanenshi ya gitta, kuma wanga tabo ba kalar da ke ɓoye shi. Shi ya sa Baba bai yarda yaranshi su sa mashin a fuskar ba, da hannu anka yi, samfefa naɗe a jikin guntun katako mai lebur don kada yatsu su yi rami, sunka fara da lamba 120 sunka bi da 180 sunka ƙare da 220, kuma kullum bin tsawon zanen icce ake, ba a gittawa. Wani yaro ya ɗan gitta a gefe guda sai da ya sa shi ya sake wurin, ya ce yanzu ba ka ganin ƙarcen amma da kala ta hau duk layukan za su fito baƙi-baƙi. Lamba 80 a bakin katako kaɗai ya yi amfani da ita, inda zarto ya bi.

Bakin nan na kwantirfilake inda falle-fallen ke nunawa, akwai 'yan ramuka a ciki, ya cike su da mastik, sannan duk kusurwoyin ya ɗan kashe musu kaifi. Na tambaye shi dalili ya ce berni ba ya zama bisa kaifi, janyewa yake ya bar wurin da ɗan kaɗan, shi ya sa kullum daga kusurwa ɓarewa ke farawa. Bayan haka ya ɗauko tsumma ya ɗan jiƙa da dilwan, ruwan nan da ake tsinka berni da shi, ya shafe akwatin gaba ɗaya, ashe neman gam yake, don duk akwatin da anka haɗa da farin gam sai ka samu ragowa a bakin haɗi, ido ba ya ganinta in ta bushe amma kala ba ta shiga wurin, sai ya fito fari fat a tsakiyar aiki. Da dilwan ya jiƙa katakon wuraren sunka nuna kansu, ya kankare da bakin ƙarfe ya sake bi da samfefa.

Wajen kala ma bai yi gaggawa ba. Ya ce in kawo guntayen da sunka rage lokacin da anka yanka fallen, ya goge su daidai yadda ya goge akwatin, ya shafa kala iri-iri, mai ruwan ƙasa, mai ja, da wata mai duhu sosai, kuma kowace sai da ya ɗora mata berni bisa kafin ya ce in zaɓa, saboda kalar da ka gani busasshiya ba ita za ka gani ba bayan berni ya hau, tana ƙara duhu da zurfi. Kuma okume da ma da janshi, in ka ƙara mishi jar kala abin sai ya wuce gona da iri, na ga haka da idona a guntun. Na ɗauki mai ruwan ƙasa. Ta ruwa ce, irin wadda ake damawa, kuma ita halinta tana tada gashin katako ya yi kaushi, to sai ya riga ta, ya shafa ruwa zalla tukuna ya bari ya bushe ya kwantar da gashin da 220 a hankali, sannan ya sa kalar da tsumma, gefe guda a lokaci guda, yana shafawa yana sharewa tun ba ta bushe ba don kada a ga inda hannu ya tsaya. Bakin katakon ya fi fuska shan kala nesa ba kusa ba, don haka can ya tsinka ta da ruwa, da anka gama duka sunka zo kusan daidai.

Da yawa daga kafintocinmu ba haka suke ba, garin jan kala suke zubawa cikin bernin kanshi su motsa su shafa sau guda, aiki ya ƙare da wuri, amma zanen icce ya ɓace kuma ranar da wurin ya ƙwarzane fari za ka gani a ƙasa tunda kalar ba ta shiga katakon ba, bisa take zaune. Af, ya kuma nuna mini wani guntu da ya mai da baƙi da ruwan bagaruwa da ruwan tsatsar ƙarfe, hanyar da dukawa ke baƙanta fata, ya yi kyau ƙwarai kuma zanen na nan ana gani, in na sake haɗa wasu ƙanana shi zan sa a yi musu.

Berni iri biyu gare shi. Akwai selilozik wanda ake fesawa da fistole, cikin 'yan mintoci ya bushe, kowane shafi yana narkewa cikin na ƙasanshi don haka gyaranshi na da sauƙi, amma ba shi da juriya, kofin shayi mai zafi ko turare ya zuba sai ya bar shaida. Akwai kuma poliyuretan, shi yana jinkirin bushewa, dole a ɗan goge tsakanin shafi da shafi don na bisa ya kama, amma in ya ƙeƙashe ya fi ƙarfi sosai. Ya ce mini ɗana gidanka akwai yara? na ce akwai, ya ce to kan sifika tebur ne a wurinsu, poliyuretan za mu sa. Shafi uku ya yi, na farko ya tsinka shi don ya shiga katako, tsakani yana bi da 320 sama-sama yana share garin tas. Na zaɓi mai ɗan dishi-dishi ba mai ƙyalli sosai ba, saboda mai ƙyalli ko yatsa ka ɗora sai ya nuna, balle ƙurarmu.

Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabar wanga aiki a garin nan, kuma yadda yake yaƙi da ita ne ya sa nike ce ma mutane su je wurinshi. Bakin titi inda ake yanka da fiƙa ba nan yake berni ba, akwai wani ɗan ɗaki a baya da ya rufe tagarshi da yadi, da sassafe bayan asuba kafin iska ta tashi kuma kafin babura su fara tada ƙasa yaro zai yayyafa ruwa a daɓen, a jira ƙura ta kwanta, sannan a shafa a ja ƙofa, ba mai shiga sai ya daina danƙo. Da rana tsaka ba ya taɓa berni ko ka roƙe shi, musamman Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ya ce saman ke bushewa kafin ya baje sai sawun buroshi ya zauna, in feshi ne kuma tun a iska yake fara bushewa ya sauka ya yi gurje-gurje kamar ɓawon lemu. Da damina kuma matsalar daban ce, selilozik in anka fesa shi ranar da iska ke da laima, irin Agusta, sai ya yi fari-fari saboda saurin tashin dilwan na sanyaya fuskar katakon raɓa ta kwanta ciki. Duk wannan ba a takarda ya koya ba, shekaru ne.

To yanzu abin da bai yi mini daɗi ba. Na ɗaya alkawari, lokacin da ya ɗibar mini ya wuce sosai don aikin kayan wata amarya ya shigo tsakani anka ture nawa gefe, kuma ba wanda ya kira ni, sai na je nike ji. Na san bushewa na son lokaci kuma ban ƙi ba, amma a faɗa ma mutum gaskiya tun farko. Na biyu bayan akwatunan, a fili yake yara anka bar ma wurin, akwai inda berni ya zubo ya daskare a ƙasan ɗaya, kuma ramukan sukuru na bakin sifika duk sun cika da berni sai da na bi su ɗaya-ɗaya na buɗe. Da na nuna mishi zubin bai yi gardama ba, ya goge ya sake shafa wurin ba tare da ƙarin ko dala ba, wannan kam na yaba. Na uku kuma shi ya fi damuna, yaran shagon suna feshin selilozik ma wasu kayan ba takunkumi, ƙyalle kawai suke ɗaurawa a hanci, alhali ƙyalle ƙura yake tarewa ba ya tare tururin dilwan, kuma abu ne mai kama wuta ga shi ana dafa shayi ba nisa da wurin. Na yi ma Baba magana cikin ladabi, ya ce in sha Allah zai duba, ina fata ya duba ɗin don yaran nan ƙanana ne.

Kuɗi jikka 25 ya karɓa na akwatin biyu, kala da berni da samfefa duk nashi. Akwai inda za a yi maka da rabin haka, na sani, amma shafi guda ne bisa katakon da ba a goge ba.

Wasu abokai na tambaya ko berni na canza sauti. Ni dai kunnena bai ji wani bambanci ba, kuma abin da ke riƙe sauti shi ne kaurin katako da sandunan da ka gicciya ciki da toshe duk inda iska ke zurarewa, in waɗannan ba su yi ba ko shafi goma ka yi akwatin zai yi ta kaɗawa. Amfanin berni kare katakon ne daga laima da datti, shi ya sa ma ya shafa siriri guda ta ciki da ƙasan akwatin, don kada gefe guda ya sha laimar damina ɗayan bai sha ba katako ya lanƙwashe. Masu aiki da MDF, fallen nan na matsattsen garin katako, ku kun fi kowa buƙatar wannan, bakinshi in ya sha ruwa kumbura yake kuma ba ya komawa, sannan shi ba shi da zanen icce balle a yi mishi kala, fenti ne nashi.

Da na kawo su gida ban maida sifikun nan take ba, ya ce in bar su a inuwa inda iska ke shiga har warin ya fita, domin poliyuretan ko ya bushe a hannu yana ɗaukar makonni kafin ya gama ƙeƙashewa, in ka ɗaure sifika da wuri bakinta na iya mannewa. Na sa musu ƙafafun roba don kada su zauna bisa siminti in ana wanke ɗaki, kuma ba na barinsu a rana tsakar gida, rana na cin berni. Sharewa da tsumma mai laushi ne kawai, ɗan jiƙe, ban da fetur ban da omo. Duk mai niyyar kai nashi, ya kwance sifikunshi tun daga gida, ya riƙo guntayen katakon da sunka rage don gwajin kala, ya kuma yi magana a fili tun wajen ciniki cewa bayan akwati da ƙasanshi suna cikin aikin, kuma in akwai ranar da yake buƙatarsu, suna ko biki, to ya kai da wuri sosai, musamman lokacin da aure ya yi yawa a gari.