New Afrika Shrine a Ikeja: Daren Alhamis ko na Lahadi, Kai Kaɗai ko da Abokai

Duk wanda ya ɗan jima a Legas, ko fatauci ne ya kai shi ko aikin ofis, da wuya a ce bai taɓa jin sunan New Afrika Shrine ba, amma cikin 'yan Arewan da nake hulɗa da su a Agege da Mile 12 kaɗan ne suka taɓa leƙa cikinsa. Wasu labaran da ake bazawa a kan wurin ne ke korarsu, wasu kuma suna ganin fita kallon kiɗa da daddare, alhali ba biki ake yi ba kuma ba suna ba, aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ni na daɗe ina zuwa, wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci tare da abokan aiki, kuma ra'ayina shi ne a duk Legas babu gidan kiɗan da ya fi wannan karɓar mutumin da ya zo shi kaɗai, muddin ya san daren da zai zaɓa.

Gidan yana kan titin NERDC a Agidingbi, cikin Ikeja, ba nisa da sakatariyar gwamnatin jihar Legas da ke Alausa, kuma akwai abin murmushi a cikin wannan maƙwabtaka, domin dandalin da aka fi sukar mahukunta a kansa a ƙasar nan yana zaune ne kusan a bakin ƙofarsu. Femi Kuti da yayarsa Yeni ne suka buɗe shi a shekarar 2000, shekara uku bayan rasuwar mahaifinsu Fela Anikulapo-Kuti, shahararren mawaƙin nan na Afrobeat, wanda ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997. Ba nan ne ainihin wurin da Fela ya yi wasa ba. Nasa gidan kiɗan ya fara ne a otal ɗin Empire da ke yankin Mushin kafin ya koma titin Pepple a Ikeja, sannan abin da sojoji suka ƙona a watan Fabrairun 1977 gidansa ne na zama, wato Kalakuta, inda aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta kuma rasu a shekarar da ta biyo baya. Wanda tarihin ne ya dame shi sai ya nufi gidan tarihi na Kalakuta da ke titin Gbemisola, inda kabarin Fela yake. A titin NERDC kuwa kiɗa ake yi.

Ginin kansa ba shi da wani ado da zai burge mai son ƙyale-ƙyale. Katafaren zaure ne mai dogon rufin kwano, kamar babban sito na kamfanin hatsi, an bar gefensa a buɗe daga sama domin iska ta riƙa ratsawa. Kujerun roba ne da teburan roba, kowa ya ja ya zauna inda ya ga dama, a baya akwai teburan sunuka da samari ke kewaye da su tun kafin a fara wasa, a bango kuma hotunan Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba da Thomas Sankara da Malcolm X da Fela kansa. Lokacin da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci gidan a watan Yulin 2018, a ƙarƙashin wannan rufin kwano aka karɓe shi. Na ambaci haka ne saboda wanda ya saba da manyan zaurukan otal-otal na Victoria Island, inda ake sayar da tebur guda a kan kuɗin da zai biya hayar gida ta shekara, kada ya zo da tsammanin irin wancan tsari.

Daren Alhamis shi ne na atisaye, kuma ba a karɓar kuɗin ƙofa. Femi da ƙungiyarsa ta Positive Force, wadda ya kafa tun 1986, suna hawa dandali ne domin su gyara kiɗansu a gaban duk wanda ya zo, saboda haka abin da mai kallo ke gani shi ne yadda ake ɗinka kiɗan tun daga tushe. Na ga daren da aka ɗauki wata waƙa da ƙarfi, jama'a har sun fara miƙewa, sai Femi ya ɗaga hannu ɗaya komai ya tsaya cak, ya juya wajen masu busa ya rera musu da baki yadda yake so su shigo, aka sake ɗauka, ya sake tsayarwa, sai da abin ya zauna yadda yake so sannan ya bari aka wuce. Babu wanda ya yi gunaguni a cikin masu kallo, wasu ma tafi suka yi da aka samu daidai. A irin wannan dare ne kunne ke iya rarrabe abin da ke cikin kiɗan Afrobeat: jitar bas tana maimaita 'yar gajeriyar jimla ba ta gajiya, jita biyu suna saƙa tsakaninsu, mai caki da mai buga ɗan icen da ke riƙe lokaci ba sa gocewa ko da na ƙiftawar ido, sannan masu busa su faɗo a kai gaba ɗaya. A faifai duk waɗannan suna haɗuwa su zama sauti guda, amma idan mutum yana zaune kusa da dandali yana ganin hannun kowa, sai ya gane wane ne ke ɗauke da wane.

Wannan ne ya sa nake cewa Alhamis daren mai zuwa shi kaɗai ne. Idan da abokai aka zo, dole a yi hira, wani ya ce a koma baya saboda ƙara, wani ya fara duba agogo tun ƙarfe goma. Wanda ya zo shi kaɗai yana zama inda kunnensa ya fi jin daɗi, ya tashi lokacin da ya ƙoshi. Kuma ba ya zama abin kallo, domin a kusan kowane tebur akwai irinsa: ma'aikacin da ya biyo daga ofis da jakarsa a kan cinya yana jiran cunkoson motoci ya ragu, ɗalibin kiɗa da ke kallon yatsun mai jita, Baturen da ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed bai daɗe ba, da tsofaffin da suka san gidan titin Pepple, waɗanda idan ka yi sa'ar zama kusa da ɗayansu za ka sha labari ba tare da ka tambaya ba. Ban taɓa jin an tambaye ni wa nake jira ba.

Akwai abu guda da kunnen Bahaushe zai gane nan take ko da bai san komai game da wannan kiɗa ba. Femi yana da al'adar riƙe sauti guda a kan saksafon na tsawon lokaci ba tare da ya yanke ba, kumatunsa a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki cikin abin busar. A 2017, a kan wannan dandali, ya riƙe sauti ɗaya fiye da minti 45. Baƙi daga waje sukan saki baki suna kallo, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah ya ga mai algaita yana yin wannan dabara, kumatu kamar za su fashe, sauti kuma ba ya katsewa daga farkon hawa har sarki ya wuce. Dabarar iri ɗaya ce, kuma ganinta a hannun wani mabusin daban ya ƙara mini girmama namu na fada, waɗanda muke wucewa ta gabansu ba mu ko waiwaya.

Inda gidan ya fi bambanta da abin da muka saba shi ne dangantakar mawaƙi da mai sauraro. A wajenmu kiɗa yawanci yana da mai shi: ango ne, ko basarake, ko ɗan siyasa, ko attajirin da ya fito fili yana liƙi, kuma waƙar takan karkata zuwa inda kuɗi ke zubowa, har mawaƙi ya katse baiti mai daɗi domin ya ambaci sunan wanda ya shigo yanzu. Ba na raina wannan tsari, shi ya rayar da manyan makaɗanmu shekara da shekaru. Sai dai a nan ba a kiran sunan kowa domin yabo. Wanda ya zo a babbar mota da wanda ya sauko daga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, waƙa ɗaya suke ji, kuma idan aka ambaci sunan babban mutum daga kan dandali, to ba alheri ne ya jawo ba. Tsakanin waƙa da waƙa Femi yakan tsaya ya yi magana a kan wutar lantarki, tsadar mai, cin hanci da halin da talaka ke ciki, cikin Turancin buroka da kowa ke ganewa, abin da mutanen gidan ke kira yabis tun zamanin mahaifinsa. Wani lokaci jawabin yakan yi tsawo, kuma ba kowace magana tasa nake yarda da ita ba, amma jama'a suna mayar masa da martani daga kujerunsu, shi ma yana amsawa, ba wanda ake fitarwa waje don ya saɓa masa.

Daren Lahadi, wanda suke kira Sunday Jump, shi ne cikakken wasa, kuma ana biyan kuɗin shiga da bai fi ƙarfin ma'aikaci mai matsakaicin albashi ba. A nan ƙungiyar takan fito cikin kaya iri ɗaya, mata masu rawa da amshi sun yi kwalliyar fuska da duwatsun ado, ba tsayawa ba gyara, waƙa na bin waƙa. Idan Femi ya ɗaga murya ya ce "Arararara", zauren gaba ɗaya ya amsa da "Orororo", har mutum ya ji abin a ƙirjinsa. Wannan dare na abokai ne, domin daɗinsa a cikin taro yake, kuma akwai amfani na zahiri: wani ya riƙe tebur yayin da sauran suka matsa gaba, a haɗa kuɗin mota a koma tare. Wanda ya zo shi kaɗai ran Lahadi ba zai rasa jin daɗi ba, amma da zarar ya tashi daga kujerarsa to ya yi sallama da ita.

Ya kamata in faɗi wasu abubuwa ƙarara domin kada wani ya je a kan maganata ya dawo yana zargina. Gidan rawa ne na dare, ana sayar da giya, hayaƙi yana tashi ta kowace kusurwa, kuma shigar masu rawa ba irin wadda za ka so ka kalla kana zaune kusa da surukinka ba ce. Masu gidan ba su ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, haka wurin yake tun asali. Ba wanda ke tilasta wa wani shan abin da ba ya sha; ni lemon kwalba da ruwa nake saya, kuma ba a taɓa yi mini wani kallo a kan haka ba. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu a irin wannan wuri ba, gara ya saurari kiɗan a gida, ba kuwa zan ce ya yi kuskure ba. Wanda ya yanke shawarar zuwa kuma, ya yi sallar isha'i kafin ya shiga, akwai masallacin sakatariya a nan Alausa, domin wasa ba ya kankama sai dare ya yi. Mai ciwon asma ko wanda hayaƙi ke damunsa ya nemi gefen da iska ke shigowa, mai raunin kunne kuma ya nisanci manyan lasifikokin da ke gefen dandali.

Batun abinci ba shi da tsawo. Ana samun farfesu da shinkafa da gasasshen kifi, a bakin titi kuma akwai masu tsire, waɗanda galibinsu mutanenmu ne, kuma sallama ɗaya da Hausa takan sa a ƙara maka albasa da yaji.

Abin da ya fi buƙatar shiri shi ne komawa gida. An hana acaɓa a Ikeja, motocin haya kuma suna raguwa idan dare ya raba, saboda haka direbobin da ke jira a waje sun san ba ka da zaɓi da yawa. Akwai wanda ya taɓa neman in biya shi ninki uku na kuɗin da na saba biya zuwa Agege, da na ƙi sai ya kashe mota ya kwantar da kujera, ya bar ni tsaye har sai da wani ya zo. Tun daga nan nake kiran mota ta manhajar waya tun ina ciki, kafin waƙar ƙarshe, in fito ta riga ta iso. Waya da walat kuma a aljihun gaba, kamar yadda ake yi a kowane taro a Legas. Mace da ke son zuwa, shawarata ita ce ta zo da rakiya, saboda hanyar komawar ce abin tunani fiye da cikin zauren.

Femi, wanda aka haifa a 1962, yana yawan fita wasa ƙasashen waje, musamman lokacin bazarar Turai, saboda haka a duba shafukan gidan na sada zumunta kafin a kama hanya. Rashinsa ba ya nufin an rufe: ƙaninsa Seun yakan yi wasa a nan da Egypt 80, tsohuwar ƙungiyar mahaifinsu, ɗansa Made ma yana da tasa ƙungiyar, kuma kiɗan kowannensu yana da nasa ɗanɗano, na Seun ya fi kusa da na Fela a tsawo da nauyi, na Femi ya fi sauri. A watan Oktoba kuma ake yin Felabration, bikin mako guda da Yeni ta fara a 1998, wanda ake haɗawa da ranar haihuwar Fela, 15 ga wata. Manyan mawaƙan ƙasar nan suna hawa dandalin a wannan mako, amma cunkoson yakan kai har titi ya cika, mai sha'awar jin kiɗa da kyau ba zai samu sararin da yake so ba. Wanda bai taɓa zuwa ba kada ya fara da wannan mako. Ya zaɓi wata Alhamis da aka tabbatar Femi yana gari, ya isa da wuri, ya ja kujerarsa zuwa tsakiyar zauren daura da masu busa.